Jakar Goyon Fant

Kowace Lahadi da ƙarfe biyu na rana nake ɗora tukunyar kofi, domin biyu da kwata yayana Halvard yake saukowa daga dutse. Shekara uku muka yi a haka, tun bayan rasuwar matarsa Magnhild. Gidana ne na ƙarshe kafin hanya ta shige cikin bishiyoyi, don haka mai hawa da mai sauka duk ta gaban tagar kicin ɗina suke wucewa. Da na hango jar hularsa sai in juye waina a faranti, in yanka cukun akuya, in ajiye ƙaramin kwanon ruwa a bakin ƙofa. Kwanon na Fant ne.

Fant karen Magnhild ne, ɗan guntu mai dogon baya da gajerun ƙafafu, kunnuwansa kamar za su share ƙasa. Shekararsa goma sha uku. Shekara biyu da suka wuce ƙashin bayansa ya samu matsala, ƙafafunsa na baya suka daina ɗaukarsa. A cikin gida yana jan jikinsa da na gaba, amma dutse ya gagare shi. Sai Ingunn, 'yar Halvard da ke aiki a birnin Bergen, ta aiko wa ubanta da jakar goyon kare. Jakar koriya ce, da tagar raga hagu da dama, da zif a sama inda karen zai leƙo da kansa. Halvard ya shimfiɗa tsohuwar rigar ulun Magnhild a ciki. Ranar da ya fara fita da ita, abokinsa Eilif, wanda ya yi shekara talatin yana tuƙa jirgin fito, ya tsaya a tsakar titi yana dariya har da riƙe ciki.

"Tsoho, ashe haihuwa aka yi ba a gayyace mu ba! Namiji ne ko mace?"

"Namiji ne, kuma ya fi ka kyan gani," in ji Halvard, ya wuce abinsa, Fant na leƙen duniya ta kan kafaɗarsa.

Duwatsu uku ne a bayan ƙauyenmu da mutane ke hawa ranar Lahadi: Varden, da Rundehaug, da Geitnuten wanda ya fi nisa. A kan kowanne akwai akwatin ƙarfe irin na wasiƙu, an kafa shi a jikin sanda, cikinsa littafi da biro. Duk wanda ya kai sama sai ya rubuta kwanan wata da sunansa. Ana rubuta na yara, ana rubuta na karnuka. Ƙarshen Oktoba ƙungiyar wasanni take sauko da littattafan kafin ƙanƙara ta rufe hanya. Ni kam na kwana biyu ban ga cikinsu ba, saboda gwiwata ta hagu.

Shekara talatin da takwas na koyar a makarantar firamare, kuma aikin ya koya mini lura da abin da mutum ke ɓoyewa. Tun farkon shekarar nan na ga Yaya ya fara canzawa. Takardar cefanensa sai ka ga madara sau uku. Butar shayi ta koma "abin nan na ruwa". Wata rana na tsinci makullinsa a cikin firij, na mayar masa aljihun kwat ban ce komai ba. Kowace Laraba Ingunn takan kira ni.

"Gwaggo, yaya Baba? Ki gaya mini gaskiya fa."

"Lafiyarsa lau. Ya fi ni ƙarfin ƙafa."

Ban yi ƙarya a kan ƙafar ba. Amma na san abin da take tambaya, kuma na san abin da zai biyo baya. Ta taɓa gaya mini cewa in mantuwa ta kama shi, akwai gidan kula da tsofaffi a tsallaken ruwa, mai tsabta, mai ma'aikata masu kirki. Ba sa karɓar dabba. In Halvard ya tafi can, babu Fant, babu dutse. Abin da ya rage masa na Magnhild ke nan. Sai na ja bakina, na ce wa kaina ai a nan ba a shiga sabgar mutum sai ya kira ka, ko da ɗan'uwanka ne.

Lahadi ta biyu a watan Oktoba aka yi aikin gayya na shafa wa zauren ƙungiyar wasanni fenti kafin sanyi. Kusan duk mai iya riƙe buroshi yana can. Ni na aika musu da waina, na zauna gida. Biyu da kwata ta wuce, biyu da rabi ta wuce. Kofi ya huce na sake dafa wani. Sai uku saura minti goma na hango jar hular.

"Malama, a ba mu kofi kafin mu sheƙa," ya ce tun daga bakin ƙofa. Tun ranar da na fara koyarwa yake tsokanata da wannan suna.

"Yaya, ka makara. Na ce ko ka tsaya zance da tumaki ne."

"Tumakin ma an sauko da su, ke ce ba ki da labari." Ya zare hannunsa daga igiyoyin jakar a hankali, ya ajiye ta a ƙasa kamar mai ajiye ƙwai. "Yau mutumin naki ko motsi bai yi ba. Kuma nauyin nan duk ya zube. Tsufa na cinye shi."

Kullum da an ajiye jakar, hancin Fant ne ke fara turo raga. Ran nan ban ga hanci ba. Na durƙusa na ja zif. Rigar Magnhild tana nan, an naɗe ta da kyau, an kifa hannuwanta a sama yadda yake yi wa karen in ana iska. Na buɗe ta. Littafi ne a ciki, mai shuɗin bango, cikin ledarsa. Sai filas a gefe.

"Yaya, ina Fant?"

"Ga shi nan mana, barci yake."

Ya sunkuyo ya duba. Ya sa hannu ya laluba kusurwa huɗun jakar, ya ɗaga rigar ya kakkaɓe, kamar karen zai faɗo daga ciki. Sannan ya ɗago ya dube ni. Na sha ganin wannan kallo a fuskar yaron da aka kira gaban allo, abin da ya sani jiya ya gudu ya bar shi. Ban taɓa ganinsa a fuskar yayana ba.

In yaro ya ɓatar da abu, tsawa ba ta dawo da shi. Na ja masa kujera, na zuba masa kofi.

"Zauna tukuna. Wane dutse ka hau yau?"

"Varden." Ya girgiza kai. "A'a, Rundehaug. Mun ci burodi a wajen... Tambayi Magnhild, ita ta zaɓa."

Na juya littafin. A bangonsa an rubuta GEITNUTEN da manyan haruffa. Can ya je. Ya sauke karen su ci burodi, ya rubuta sunansa, sannan ya naɗe littafin maimakon karen, ya goyo shi har gida. Tafiyar awa ɗaya da rabi ce ga mai lafiyar ƙafa. Rana kuwa a Oktoba ƙarfe shida take faɗuwa, kuma tun safe rediyo ke cewa za a yi sanyin daskarewa a kan tudu.

Na kira Eilif. Ban yi masa dogon bayani ba, shi ma bai nema ba. Ya ce ga su nan shi da matarsa Gunvor.

Kafin su iso na buɗe littafin, don in tabbatar da kwanan watan yau. Yana nan a shafin ƙarshe: harafin H, sai wani layi da ya gangaro ya faɗi ƙasan shafi. Sai na koma baya, na fara daga farko yadda nake duba littafin ɗalibi. A Mayu rubutun tsaf yake, "Halvard da Fant". A Yuli ya rubuta sau biyu rana ɗaya, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. A Agusta ya sa "Halvard da Magnhild". Wannan bai ba ni mamaki ba sosai. Abin da ya tsayar da ni shi ne wasu ƙananan rubuce-rubuce da ke ƙarƙashin nasa, da hannaye daban-daban.

"Sha biyu da rabi. Ina bayansu. Eilif."

"Ina bayansu har gada. Gunvor."

"Ya bar filas, na sa masa a jaka. Ina bayansu." Wannan na matar da ke raba wasiƙu ne.

Tun daga Yuni babu Lahadin da Yaya ya hau dutsen nan ba a samu wani ya rubuta hakan ba. Na ga hannun mai shagon kifi. Na ga hannun mutum biyu da ni na koya musu riƙe fensir. Ƙarƙashin na yau ne kawai babu komai.

Motar Eilif ta tsaya a waje. Ya shigo wandonsa duk jan fenti. Gunvor ta wuce kai tsaye ta zauna kusa da Halvard, ta jawo farantin waina gabansa kamar ziyara ta kawo. Na mayar da rigar da littafin cikin jaka, na goya, na ɗauki sandata. Har na kai ƙofa Yaya ya riƙo hannun rigata.

"Torunn." Da wuya yake kiran sunana. "Kada ki gaya wa Ingunn."

"Bari mu samo shi tukuna," na ce.

Mota ta kai mu ƙarshen hanyar tsakuwa, daga nan sai ƙafa. Eilif na gaba ina biye. Sai da muka haye gadar katako na yi magana.

"Tun yaushe kuke binsa?"

Bai juyo ba. "Kin karanta ke nan."

"Na karanta."

"Tun Yuni. Gunvor ta same shi a can sama yana kallon hanya, bai san ta wane gefe zai sauka ba. Sai ta yi kamar takalminta take ɗaurewa har ya tashi, ta bi shi daga nesa. Ta rubuta a littafi don in wani abu ya faru a san tana wurin. Mako na gaba na gani, na yi yadda ta yi. Shi ke nan. Ba wanda ya kira taro, Malama. Kowa gani ya yi ya ɗauka."

"Me ya hana ku gaya mini?"

Nan ya tsaya ya juyo. "Ke me ya hana ki gaya mana? Ta tagarki yake wucewa fa. Mun ɗauka kin sani, ba kya son a yi maganar ne."

"Na sani."

"To, kin gani."

Muka ci gaba. Can ya ce, da ƙaramar murya, yau yana saman tsani da misalin sha biyu ya tuna Lahadi ce. Ya waiga bai ga mai raba wasiƙu ba, sai ya ce to ita ta tafi. Ashe tana bayan zaure tana shafa tagogi, ita kuma ta ɗauka Eilif ne ya tafi. Da ɗayansu ya buɗe baki ya tambaya, da ba mu zo nan ba. Ni kuwa ni ce ta ƙarshe da ke da bakin ganin laifinsu.

Mun ratsa fadama a kan katakan da aka jera, ina leƙa hagu da dama cikin taɓo. Bayan nan bishiyoyi suka ƙare, sai dutse tsirara da jan fentin da ke nuna hanya. Iska ta fara shiga kunne. Gwiwata tana sara kamar ana buga ƙusa. Muna tafe muna kiran sunan karen, ko da yake mun san halinsa: Fant bai taɓa amsa kiran kowa ba sai na Magnhild da Halvard. A sama can wata gaggafa tana kewaya. Na ga Eilif ya ɗaga kai ya dube ta, ya sauke, ya ƙara sauri.

"Wannan kifi take nema," ya ce.

"A kan dutse?"

"Ke dai taho, Malama. Ba jarrabawa muke ba."

Biyar saura kwata muka kai sama. Murfin akwatin yana buɗe, iska na buga shi. A gindin sanda ga ɓawon burodi da tsuntsaye suka tsattsaga. Babu Fant. Amma a cikin ɗan laka da ke gefen dutsen na ga sawun ƙafa biyu ƙanana, da wata doguwar shara a tsakaninsu, irin wadda yake bari a kan dardumata in ya ja jikinsa. Ta nufi hanyar sauka. Ya ga maigidansa ya goya jaka ya tafi, sai ya bi shi.

Sawun ya ɓace inda laka ta ƙare. Muka rarrabu, muna sauka a hankali, muna leƙa kowane tsagi da gindin kowane ɗan kurmi. Rana ta sauka kan teku, inuwar duwatsu ta yi tsawo. Yatsuna suka daina jin sandar. Mun yi kusan rabin awa a haka. Eilif ya dawo wajena, hancinsa na zuba.

"In ba mu juya nan da minti ashirin ba, mu ma sai an zo nemanmu. Akwai sauran kofi a filas ɗin nan? Ki ɗan sha, leɓenki ya yi shuɗi."

Na sauke jakar a kan wani falalen dutse, na ja zif. Zif ɗin jakar nan yana da ƙara, wata irin doguwar ƙara mai kaushi. Ban gama ja ba muka ji wani ɗan siririn kuka, kamar na ƙofar da ba a sa wa mai ba. Muka tsaya cak. Na rufe zif ɗin, na sake ja. Kukan ya sake fitowa, daga ƙasan hanya, hannun dama.

Yana cikin wani tsagi tsakanin duwatsu biyu, ƙarƙashin rassan wani ɗan kurmi. Zamewa ya yi ya faɗa. Da muna hawa mun wuce shi da taku biyar, muna ta kiran sunansa. Eilif ya kwanta rubda ciki ya zura hannu ya ciro shi. Jikinsa sharkaf, yana rawa, fatar cikinsa duk ta goge ta yi ja. Taku wajen ɗari uku ya ja kansa a kan dutse. Bai dube mu ba. Jakar yake kallo, yana miƙa wuya.

Na goge shi da mayafina, na naɗe shi cikin rigar Magnhild, na kifa hannuwanta a sama yadda Yaya yake yi. Da ya shiga jakar sai ya sauke wani dogon numfashi ya yi shiru.

"Kawo in goya," in ji Eilif. "Ke da ƙafa ɗaya da rabi."

"Ni zan goya."

"To littafin fa? Ba a sauko da shi kafin ƙarshen wata."

"An riga an sauko da shi. Sa a aljihunka."

Igiyoyin jakar daidai kafaɗun Halvard aka ja su, shi kuwa ƙato ne. A bayana sai lilo take yi, duk taku tana bugun ƙuguna. Kilo bakwai ba nauyi ba ne a hannu, amma a gangare mai santsi wani abu ne daban. Dole ka taka a hankali, ka riƙa tuna akwai mai ciwon baya a bayanka, kada ka yi tsalle, kada ka juya da sauri. Bayan ɗan lokaci na fara jin ɗuminsa ta cikin rigata. Da muka shiga bishiyoyi ya turo hanci ta wajen zif, numfashinsa na taɓa wuyana. Shekara biyu yayana yana jin wannan numfashi kowace Lahadi, a daidai wurin nan. Na san a kan haka nake ɓoye wa Ingunn gaskiya, amma sai ran nan na ji shi da jikina.

Gari ya fara duhu muka iso. Halvard yana tsaye a tagar kicin, inda ni nake tsayawa. Gunvor ta ce tun da muka fita bai zauna ba, kofin ma bai taɓa ba. Na sauke jakar kusa da murhu. Shi ya buɗe ta da kansa. Ya ɗago Fant, ya rungume, karen yana lasar haɓarsa. Sai ya juya shi ya ga cikin. Ya daɗe yana kallo. Idanunsa a lokacin garau suke, irin na dā.

"Ni na bar shi."

Ban taɓa ce wa yaro ya ci jarrabawa ba alhali ya faɗi. "I, Yaya. Kai ka bar shi."

"Me na goyo?"

Eilif ya dube ni, na gyaɗa masa kai. Ya ciro littafin ya ajiye a tebur. Halvard ya sa tabarau, Fant a cinyarsa, ya riƙa buɗe shafi ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya a Agusta, ya ɗora yatsa kan sunan Magnhild. Sannan yatsan ya sauka kan ƙananan rubutun. Ya karanta su duka, leɓensa na motsi.

"Ashe duk gari kiwona ake yi, kamar tunkiya."

"Tunkiya ta fi ka jin magana, tsoho," in ji Eilif. Ya juya ya hau wanke hannu a famfo, ya daɗe yana wankewa.

Halvard ya miƙa wa Gunvor karen, ya ɗauki jakar. "Malama, juyo."

Na juya masa baya. Ya rataya mini ita, ya ja igiyar kafaɗar dama, ya ja ta hagu, ya zagayo ya ɗaura ta ƙirji, ya matse ta ƙugu. Ya girgiza jakar ya ga ba ta lilo.

"Haka ake yi. Nauyin a ƙugu yake zama, ba a kafaɗa ba. In za ki sauka gangare ki ba shi gefe, kada bayansa ya bugu. Ba ya son a rufe zif gaba ɗaya." Ya koma ya zauna. "Kira Ingunn. Yanzu, tun ina sane. Gobe zan iya cewa ban ce ba."

Na kira ta, jakar na bayana.

Washegari kuwa ya ce bai ce ba. Ya ce na haɗa baki da 'yarsa za mu raba shi da gidansa, ya ce tun muna yara haka nake, mai kai ƙara. Na bar shi ya gama. Ingunn ta iso da jirgin rana, ta shiga kicin ɗina ko kwat ba ta cire ba.

"Gwaggo, kowace Laraba fa nake tambayarki."

"Haka ne."

"Da shi ne ya faɗa tsagin nan fa? Da ba karen ba ne?"

Na jawo mata kujera. Ta yi kuka, ni ma na yi, sannan muka zauna da takardun gidan tsofaffin, ina karantawa tana cikewa. Likitan dabbobi ya wanke wa Fant ciki ya shafa magani, ya ce zai warke, amma kada mu manta shekarunsa.

Lahadin ƙarshe ta Oktoba muka mayar da littafin, don masu sauko da shi su same shi a wurinsa. Mu uku ne da Eilif, Fant a bayana. Farar ƙanƙara ta ɗan yayyafa a saman Geitnuten. Halvard ya ci burodinsa, ya ba karen ɓawon cuku, sannan ya karɓi biro. Ya rubuta harafi uku ya tsaya.

"Me ke biye, Malama?"

Ina shekara biyar, shi yana goma sha uku, ya zaunar da ni a bakin matakalar gidanmu ya koya mini rubuta sunana da gawayi. Na faɗa masa sauran haruffan ɗaya bayan ɗaya, ban yi sauri ba. Ya gama, ya ƙara "da Fant" da kansa ba tare da taimako ba. Ya ba ni biro ya kama hanyar sauka. A ƙarƙashin nasa na rubuta: "Ina bayansa. Torunn."

A Nuwamba ya koma tsallaken ruwa. Fant yana wurina, kwanonsa ya tashi daga bakin ƙofa ya koma kusa da murhu. Yanzu ranar Lahadi ba na ɗora kofi da ƙarfe biyu. Jirgin sha ɗaya nake shiga, da jakar a bayana da filas a hannu. Tunda ba a shiga da kare, ma'aikatan sukan sa wa Yaya kwat da jar hularsa, su kawo shi bencin da ke lambu, ko ana sanyi. Wata rana ya ce mini Malama. Wata rana ya gaishe ni da ladabi, ya tambaye ni karen na wane ne, ya ce matarsa ma tana da irinsa.

Amma in lokacin tafiya ya yi na goya jakar, kullum sai ya miƙe ya ce in juyo. Ya ja igiyar dama, ya ja ta hagu, ya duba ta ƙugu. Sannan ya buɗe zif ya leƙa, ya sa hannu ya taɓa kan Fant. In na kai ƙofar lambu sai ya kira ni.

"Baiwar Allah, tsaya. Yana ciki kuwa?"

Sai in dawo, in juya masa baya, ya sake dubawa.